Bugun Zuciyar Mamaci

Da hantsin Alhamis aka tsamo gawar Malam Kalilu daga rijiyar gonarsa a bayan Sandamu. Likita ya ce ya kwana uku da rasuwa.

Sufeto Musaddiq yana rubuta bayani sai Raihana, 'yar marigayin, ta miƙo masa wayarta.

"Ranka ya daɗe, dubi. Zuciyar Baba tana bugawa."

Ga gawa an rufe da zane, ga lamba tana motsi a waya: saba'in da takwas. Mutane suka ja da baya suna salati.

"Mene ne wannan?"

"Na'urar da na ɗaura masa a hannu ce saboda ciwon zuciya. Tana turo mini bugun har Katsina, shi ya sa ban zo ba."

Sufeto ya ɗaga zanen. Babu komai a hannun.

"Batirinta kwana nawa yake yi?"

"Ba ta da batir. Ɗumin fata take zuƙa ta mayar lantarki, ta tara kaɗan-kaɗan, in ya isa ta aiko saƙo. In jiki ya yi sanyi, sai ta mutu."

Sufeto ya duba bayanan makon. Kullum saƙon yakan yanke sau biyar.

"Alwala ce," in ji Raihana. "Cirewa yake yi."

Daga la'asar ɗin Litinin bai sake yankewa ba.

Sufeto ya bi mutanen da kallo. Maliki, ɗan ƙanin marigayin, yana tsaye da tsumma naɗe a hannun hagu.

"Kai, me ya sami hannunka?"

"Lauje ne, yallaɓai. Ko alwala shafa nake yi a kai."

"Yaushe ka ga Malam?"

"Jiya. Lafiya lau muka rabu."

Lambar ta koma ɗari da goma.

"Jiya? Wanda ya kwana uku a ruwa?"

Ɗari da talatin da biyu.

"Kwance tsumman."

Babu ciwo ko ƙwarzane. Na'urar ce manne da fatarsa.

Maliki ya durƙusa. "Kan iyakar gona ne. Tura shi kawai na yi. Na san in ta yi shiru Raihana za ta zo."

"Kwana uku kana sallah da wannan alwalar, kana aika wa marainiya ƙarya da jininka. Ka ji kunya."

Kofur ɗin da ke tare da Sufeto ya cire na'urar, ya sa ankwa a gurbinta, ya tasa shi zuwa mota.

Raihana ta zuba wa wayar ido. Lambar ta tsaya, ta ɓace. Sai a lokacin ta fashe da kuka.