Ƙusa a Falankin Roba

Ƙarfe takwas na safe aka bugo wa Sufeto waya: dandamalin gidan cin abincin da ke bakin kogi ya rufta da mai shara. Kafin ya isa, an rufe ta da zane. Tsintsiyarta tana can ƙasa a kan duwatsu.

Manajan gidan ya tare shi tun daga ƙofa yana share gumi.

"Ranka ya daɗe, Mai Roba ne! Watanni biyu kacal da ya cire mana katakon dandamalin nan ya sa na roba. Shekara talatin muna kan katako ba a taɓa samun ko targaɗe ba."

"To me ya sa kuka cire katakon?"

"Gara ta fara ci," in ji Manaja, ya kau da kai.

Sufeto ya tsuguna. Falankan na roba ne, kowanne yana da harshe a gefe guda da ke shigewa cikin bakin na kusa da shi, ya kama gam. Ya bi dandamalin tun daga farko har ƙarshe bai ga ƙusa ba, sai a falanki na ƙarshe, dab da inda ya rufta. Ƙusa ɗaya tak, an buga ta a karkace, an nutsar da kanta, an shafe ramin da garin katako.

Ya sauka ƙasa ta matakala. Matokarin da ke riƙe falankan, shi ma na roba, ya rabu biyu. Rabin karayar kaca-kaca yake, ɗaya rabin kuwa sumul. Aikin zarto ne, ko makaho ya shafa zai gane.

Aka kawo Mai Roba, mutum mai kimanin shekara arba'in.

"Kai ka yi aikin nan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Kuma wallahi aikina ba ya ruftawa."

"Kana buga wa robar nan ƙusa?"

"Haba! Ai ƙusa fasa ta take yi. Haɗa ta ake, kamar..."

Idonsa ya faɗa kan ƙusar. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya leƙa ƙasa ya ga yankakken matokarin.

"Na tuna. Ni na buga ta. Ni na yanka matokarin ma, kuskure ne. Ku tafi da ni."

"Yanzu-yanzu ka ce ba a bugawa."

"Na ce ni ne, ranka ya daɗe."

Sufeto ya sha ganin masu ƙarya don su kuɓuta. Mai ƙarya don a ɗaure shi kuwa, wannan ya fi ba shi haushi, domin akwai wanda ake ɓoyewa ke nan. Ya sa aka kai shi ofis, shi kuma ya nufi rumfar mai gadi.

"Jiya Litinin, gidan a rufe yake. Wa ya shigo?"

"Ko kaza ba ta shigo ba."

"Madalla. To kai kaɗai ne a wurin, kai za ka amsa kisan kai. Tashi mu je."

Mai gadi ya zube ƙasa.

"Tsoho ne! Mahaifin Mai Roba. Da azahar ya zo da jakar kayan aiki, ya ce ɗansa ya aiko shi ya duba wani wuri. Ta yaya zan hana shi? Shi fa ya yi mana dandamalin farko."

Shagon tsohon yana ƙarshen layin kafintoci. Ƙura ta rufe teburin aiki, babu ko kujera ɗaya da ake haɗawa. A bango an jingine tsofaffin katakan da aka ciro daga gidan cin abincin, an goge su tas. Sufeto ya duba wani benci: kowace ƙusa a karkace, kanta a nutse, an shafe da garin katako.

"Baba, sannu da hutawa."

"Hutun dole. Yanzu kowa roba yake so, har wanda na haifa."

"Ka je bakin kogi jiya?"

"Me zan je yi? Ƙafata ba ta taka wannan shirme."

"To shi ke nan. Ɗanka ya ga wata ƙusa, ya ce shi ya buga ta. Yana kulle yanzu haka. Mace ta mutu, Baba. Zai daɗe bai ga 'ya'yansa ba."

Tsoho ya zauna a kan bencin a hankali.

"Shi ya ce shi ne?"

"Da bakinsa."

"Sakarai. Bai taɓa iya buga ƙusa haka ba, shekara goma ina koya masa." Ya share ido da gefen riga. "Ni ne. Na zare falanki biyar, na yanka rabin matokarin, na mayar. Na ƙarshen ya ƙi kamawa, sai na sa masa ƙusa. So nake ya lotsa kawai, su ji kunya, su zo su ce Baba dawo mana da katako. Falanki uku gara ta taɓa, uku! Suka yaye aikin shekara talatin, kuma ɗana ne ya riƙe gudumar."

"Ba ka yi tunanin wani zai taka ba?"

"Na yi. Na ce zai yi ƙara, mutum ya ji ya ja baya. Katako sai ya yi kuka kafin ya karye, kowa ya sani. Ina zan san wannan abin shiru yake karyewa?"

Sufeto ya sa wa tsohon ankwa, kafintocin layin suka fito suna kallo.

A ƙofar ofis suka yi kiciɓis da Mai Roba an sako shi. Tsoho ya tsaya.

"Kai, rufe mini shago. Kada ruwa ya taɓa katakan nan."

Mai Roba ya dube shi, hawaye na zuba.

"Baba, 'ya'ya huɗu ta bari. Ko sunanta ba ka tambaya ba."

Ɗan sandan da ke riƙe da tsohon ya ja hannunsa, suka shige ciki.