Muƙamuƙin da Ya Ƙi Zama

A wani zamani an yi wata masaniya mai binciken ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe. Ta tono ƙoƙon kai da muƙamuƙi, ta shelanta cewa ta gano kakan giwaye. Ranar da masana suka taru don ganin ƙasusuwan, ta gwada haɗa muƙamuƙin da ƙoƙon kan a ɗakinta, ya ƙi zama. Ta juya shi, ya ƙi zama.

Abokin aikinta ya miƙo magagari. "Malama, goge gefen kaɗan mana. Wa zai sani? Sunanki fa zai zube!"

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, ana kiran ta zuwa taron. Ta dubi magagarin, ta ƙi karɓa. Sai ta fito gaban taron, ƙashi ɗaya a kowane hannu.

"Jama'a, na yi kuskure," in ji ta. "Ƙasusuwan nan na dabbobi biyu ne daban-daban."