Wayar da Ba Ta Son Hannun Hagu

Ranar da firijin magunguna ya mutu suka fara ganin juna.

Tana bayan kanta a kemis ɗin da take aiki, tana kwashe kwalaben allura tana jerawa cikin kula mai ƙanƙara, sai ga shi ya shigo da jakar kayan aiki a kafaɗa, rigarsa duk tabon baƙin mai. Ya yi sallama, ya durƙusa bayan firijin. Can ya ce ta taimaka ta rubuta masa lambar da ke jikin ƙofar. Ta ɗauki biro da hannun hagu.

"Ashe Bahaguwa ce," in ji shi. "Allah dai ya sa hannun nan bai iya mari ba."

"Ya iya kuwa. Kai dai gyara mana firij, Mai Sanyi."

Da wasa aka yi sunayen, amma suka bi su. Firijin bai ƙara lalacewa ba, sai dai Mai Sanyi bai fasa zuwa duba lafiyarsa ba. Ya kan kara kunne a jikinsa, ya gyaɗa kai kamar likita, sannan ya jingina da kanta a yi ta hira. Kafin ta ankara, ranar da bai zo ba sai ta ji kemis ɗin ya yi mata faɗi.

Ana cikin haka ya samu aiki a wani kamfani mai haɗa ɗakunan sanyi, a can wani gari mai nisan gaske. Ya zo yi mata sallama da ƙaramin kwali a hannu. Waya ce siririya, gefenta na ƙarfe, sai sheƙi take.

"Taki ta tsufa, muryarki ba ta fita sosai. Ni kuwa muryar nan ce guzurina."

Ta ƙi saka mata rigar roba, wai kada ta ɓoye kyanta.

Da maganar soyayyarsu ta isa gida, Baba bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya ajiye tabaransa a kan tebur ya ce, "Mutumin da yau yana nan, gobe yana can? A cikin waya za ki zauna da shi? Kada in ƙara jin zancen nan." Mama ta bi ta ɗaki ta ce ta yi haƙuri har ya huce.

Ɗakin nata yana can ƙuryar gida, inda sabis da ƙyar yake leƙowa, kuma bango ɗaya ne tsakaninsa da falon Baba. In iyayen sun fita, ta kan ajiye wayar a kan gado ta buɗe murya, tana tsefe kai suna hira, har caji ya ƙare magana ba ta yanke ba. In kuwa suna gida, sai ta naɗe wayar cikin tafin hannunta na hagu, ta rufe bakinta da na dama, ta yi ƙasa da murya. A irin wannan lokacin ne kewa take cin ƙarfinta.

"Mai Sanyi, na gaji. Yau ma Baba ya ce..."

Ɗif. Shiru.

Da farko ta ɗora laifin a kan sabis. Amma a hankali ta lura da wani abu: ranar da take dariya, kira ba ya yankewa. Da zarar muryarta ta fara rawa, sai a katse. Ta yanke wa kanta cewa shi mutumin raha ne kawai, ba zai iya ɗaukar kukanta ba. Ta ji nauyin tambayarsa. Shi ma bai taɓa cewa komai ba, sai dai saƙo ya shigo daga baya:

"Kin huta da ni ke nan? To, ki gaida gida."

Ita kuma ta amsa: "Za su ji."

A wannan tsakanin ne ƙanen mai kemis ya fara tsayawa da motarsa a lokacin tashinta. Mutum ne mai natsuwa, ba shi da hayaniya, kowa a wurin Ƙanen Oga yake ce masa. Ya rage mata hanya ranar da aka yi ruwa, ya shiga ya gaida Baba. Baba ya daɗe bai yaba wani kamar yadda ya yaba shi ba.

Wata rana da tsaka tana wurin aiki Mama ta kira tana ihu. Baba ya faɗi a tsakar gida. Ƙanen Oga ne ya kwashe su zuwa asibiti. Likita ya ce hawan jini ne ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi.

Ta zauna a kan benci a wani dogon lungu na asibitin. Mutum ɗaya take son ji a duniya. Ta kira shi, ya ɗauka.

"Mai Sanyi, Baba ne..."

Ɗif.

Ta sake kira. Ta ji ya ce, "Ina jin ki," kuka ya ƙwace mata, aka sake katsewa. Ta ce a ranta, bari in gani ko shi zai neme ni. Ta damƙe wayar da hannu biyu ta manna a ƙirji, ta zauna jira. Ma'aikata suna wucewa da gadaje, rana ta yi sanyi, wayar ko motsi. Sai da ta ajiye ta a kan benci don ta karɓi jaka daga hannun Mama, sannan ta yi ƙara. Saƙo ne.

"Na gaji, Bahaguwa. Ki kira ki kashe, in kira a ce ba a samun ki. Na ji labarin mai motar da ke kai ki gida. In shi ne a gefenki, ki faɗa min kawai, ni ba yaro ba ne."

Ta karanta, ta ɗaga kai. Ga Ƙanen Oga can yana tahowa da ledar magani. Ta rubuta:

"Eh, shi ne a gefena. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Amsar ta zo nan take: "Na gode."

Daga nan ba ta ƙara ji daga gare shi ba.

Watannin da suka biyo baya ba ta san yadda ta yi su ba. Da safe ta taya Mama juya Baba, ta ba shi magani, ta tafi aiki. A kemis, ƙugin firijin nan kaɗai ya isa ya ɓata mata yini. Ta kan ba shi baya, ta yi ta goge kantar da ba ta da ƙura. Ta rame har zobenta ya koma babban yatsa. Ta goge lambarsa daga wayar, alhali ko daga barci aka tashe ta za ta karanto ta. Abin da ya fi ci mata rai ba rabuwar ba ce. A ce mahaifinta yana kwance tsakanin rai da mutuwa, wanda ta ba wa zuciyarta ya kasa jure ko da minti ɗaya na kukanta.

Ƙanen Oga bai gaza ba. Shi ya samo keken guragu, shi yake kai su gashin ƙashi. Da ya ga hankali ya ɗan kwanta, ya faɗi abin da ke ransa cikin ladabi. Ta sunkuyar da kai ta ce ya ba ta lokaci. Mama ta ce, "'Yar nan, me kuma kike jira? Wanda ya tsaya miki ai kin gan shi."

Baba ya fara samun sauƙi, magana tana fita da ƙyar, kalma bayan kalma. Wata yamma ya ce yana son jin muryar Yaya, babban ɗansa da ke aiki a wani gari. Wayarsa ba caji, ta miƙa masa tata. Ya riƙe ta da hannun da ya rage masa, ya damƙe sosai don kada ta suɓuce. Sun gaisa ke nan, ta yanke. Aka sake kira, ta sake yankewa. Mama ta karɓa da yatsu biyu ta kara masa a kunne, sai ga hira tana tafiya tiryan-tiryan.

Baba ya harari wayar. "Ba ta son... hannun hagu."

Mama ta yi dariya. Bahaguwa ma ta fara dariyar, sai ta tsaya cak.

Ta karɓi wayar ta zuba wa saman fuskarta ido, inda 'yan sandunan sabis suke. Ta naɗe ƙasanta da tafin hagu, yadda ta saba. Sandunan suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya har ba ko guda. Ta buɗe hannu, suka dawo. Ta sake rufewa, suka ɓace.

Ta ajiye ta a kan tebur ta kira Yaya, ta gaya masa abin da ta gani.

"Ai wasu wayoyin haka suke," in ji Yaya. "Kin ga wani siririn layi a gefe, can ƙasa? Ta nan take kama sabis. In tafin hannu ya rufe shi, a wurin da sabis ɗin dama ba ƙarfi, sai ta ɗauke gaba ɗaya. Ko kiran ki ake ba zai shigo ba. Ki sa mata roba kawai. Lafiya dai, ƙanwata?"

Bencin asibitin nan ta tuno, da yadda ta wuni rungume da wayar tana jiran kiransa. Ashe yana ta kira. Ashe da hannunta ta tare shi.

Kukan da ta daɗe tana toshewa da tafin hannu, ranar a tsakiyar falo ta yi shi, a gaban iyayenta. Ta faɗi komai, har da saƙon da ta tura masa. Baba ya juya fuskarsa bango.

Washegari ta rubuta:

"Mai Sanyi, ni ce. Ranar nan Baba ne ya faɗi, a asibiti nake kiran ka. Ban taɓa kashe maka waya ba. Riƙon da nake mata ne yake ɗauke sabis, jiya na gane. Na zaci kukana ne ba ka son ji. Abin da na rubuta maka don in ƙona maka rai ne, kuma nawa na ƙona. Ba na cewa ka dawo. Ka dai yafe min."

Saƙon ya shiga. Amsa ba ta zo ba, ranar ko washegarinta.

Duk da haka ta samu Ƙanen Oga a bakin motarsa ta gaya masa gaskiya: ba za ta iya ba shi zuciyar da ba ta hannunta ba. Ya daɗe yana juya makulli a yatsa.

"Ya amsa miki?"

"A'a."

"Kuma duk da haka?"

"Duk da haka."

Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo, ya ce Allah ya sa hakan ne alheri, kuma zai ci gaba da kai Baba asibiti.

Da kwanaki suka ja, Baba ya kira ta da ido. Ya ce ta saka lambar Mai Sanyi a wayar Mama, ta buɗe murya. Aka ɗauka.

"Kai ne... mai firij?"

"Ni ne, Baba. Ya jiki? Wallahi ban sani ba. Da na sani..."

"Ka ga... saƙo?"

"Na gani, Baba." Muryarsa ta karye. "Kullum sai na karanta. Yarinya tana asibiti a kan mahaifinta, ni ina zargin ta. Da wane baki zan amsa mata? Kunya ce ta hana ni."

Baba ya ja numfashi. "To... zo ka ji kunyar... a nan."

A ƙarshen makon Mai Sanyi ya iso. Ya yi baƙi, ya rame, ya zauna a ƙasa gaban keken Baba ya kasa ɗaga kai. Da aka ba su wuri, ya ɗago ya dube ta.

"Kin lalace, Bahaguwa."

"Kai ma ai ba ka gyaru ba."

"Na ɗauka duk lokacin da mai motar nan ya shigo ne kike kashewa. Sau ɗaya tak da na tambaye ki, da an wuce wurin."

"Ni ma ban tambaya ba. Tsoron amsar nake ji."

"In kuka ne, ki yi min shi daga yau har tsufa. Ina so."

Ta yi dariya, hawaye na zuba, ba ta rufe baki ba.

Ba a ja lokaci ba aka ɗaura aure. Ya nemi canji ya dawo reshen kamfaninsu mafi kusa, don kada ta yi nisa da jinyar Baba. Ranar da za ta bar gida, suka durƙusa su biyu a gaban keken. Baba ya gyara zama, ya haɗiye yawu, ya buɗe baki.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuri'a mai jin ƙanku. Na yafe miki, 'yata, duniya da lahira."

Tun faɗuwarsa ba a ji ya yi magana mai tsawon haka ba, kuma ko sau ɗaya harshensa bai sarƙe ba. Amarya ta ɗago tana kallon Mama.

Mama ta share ido da gefen mayafi. "Tun da aka sa rana yake koyon ta. Kullum in kin fita aiki, ni yake yi wa."

Amarya ta kifa kanta a kan gwiwar mahaifinta. Ango ya ce amin, duk falon ya amsa.