Irin da Aka Kai Tembien

Semhal na durƙushe gaban firjin ɗakin bincike tana tsane ruwan da ke zuba, sai ga wani dogon saurayi da batir a kafaɗa.

"Ke ce shugabar ƙungiyar? Na zata tsohuwa zan tarar."

"Kai ne Kibrom mai gyara? Na zata jiya za ka zo."

Suka yi dariya, abin da ta manta da shi tun da yaƙi ya rufe birnin Mekelle. Su goma sha biyu ne a ƙungiyar masanan, yanzu saura uku. A firjin kuwa akwai irin hatsin tef da na sha'ir kala ɗari huɗu, na kaka da kakanni.

Wata huɗu Kibrom na lallaɓa firjin da faifan sola, yana kiranta Zumata, tana cewa ya kiyaye ta. Daga ƙarshe injin ya mutu.

"Iri in ba sanyi, sai ƙasa," in ji Semhal. "In ba a shuka ba, sun mutu."

"Ni zan kai wa manoman ƙauyukan Tembien."

"Hanyar fa?"

"Ki dai yi min addu'a."

Ya tafi da jakuna biyu. Ba waya, ba labari. Kullum idonta na ƙofa.

Mahaifinta ya matsa. "Dakta Yemane ya samu hanyar fita ƙasar waje, kuma yana son ki. Me za ki yi da makanike?"

"Aboy, aikina ya ɗauka ya shiga wuta da shi."

Yemane ya tafi shi kaɗai, amma labarin da ya iske Kibrom shi ne tare suka tafi da Semhal. Sai Kibrom ya yi zamansa a ƙauye yana noma, zuciya na ciwo.

Damina biyu ta wuce kafin layin waya ya dawo. Nan take Semhal ta rubuta:

"Kibrom, in kana raye ka amsa min."

Sai washegari amsa ta zo: "Daga wace ƙasa kike rubutowa?"

"Daga ɗakin da ka bar ni, sakarai."

"Zumata, ki yafe min. Iri sun rayu. Gobe ina hanya."

Dattawan ƙauye goma sha ɗaya suka rako shi neman aure. Mahaifinta ya dube su, ya girgiza kai.

"In na ce a'a, wa zai sayar min da hatsi? Na ba shi. Allah ya tsofar da su tare."

Ranar biki, a ƙofar coci, ana ta guɗa, Semhal ta riƙe hannun rigarsa gam.

"In aike ya sake tashi," ta raɗa masa, "ƙafarka ƙafata."