Kekuna Huɗu a Wutsiyar Tirela

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa!"

Royce ne ya daka tsawar, bakin bindigarsa a ƙirjin mai shagon kekuna. Safiyar Asabar ce, ba a jima da buɗe ƙofa ba, gahawar da mutumin ya zuba ma ba ta huce ba. Masu saye biyu suka zube a kan siminti. Arlen bai kalli kowa ba. Ya kama kekunan nan masu batir da aka jera a gaban gilashi, ya riƙa tura su ta ƙofar baya yana cusawa a cikin bas ɗin da suka sato. Huɗu ne, kowane ya kai kuɗin mota, kowane kuma da nauyin ɗan maraƙi.

Mai shago ya zazzage ciniki a jakar Royce. Da ya ga ana fita da kekunan sai ya ɗaga kai.

"Don Allah ku saurara, waɗannan na nuni ne, ba su da—"

Tau!

Bawan Allah bai ƙarasa ba. Ya jingina da kanta, ya sulale. Royce ya tsallake shi kamar ya tsallake kwata.

"Me kake kallo? Mu ware!"

Arlen ba ɗan fashi ba ne tun asali, direban motar katako ne. Ƙanwarsa Verna ce ta ja shi, ita kuma son Royce ne ya rufe mata ido. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya yi rantsuwa, duk a banza. Ranar da ta ce masa ko da shi ko ba shi za ta bi Royce wannan aikin, sai ya ga gara sitiyarin ya zama a hannunsa. Sharaɗi ɗaya ya kafa mata, ta kuma ɗauka: ana gamawa za ta bi shi gonar goggonsu, ta rabu da mutumin nan. Kuɗin bai dame shi ba. Shi dai ya mai da yarinyar gida da ranta.

Dabarar Royce kuwa, a bai wa shege haƙƙinsa, ta yi kyau. Hutun ƙarshen bazara ne, kuma a irin wannan makon babu titin da za ka hau a arewacin Wisconsin ba ka ga a-kori-kura na jan tirelar kwana, ɗakin nan mai taya, da kekuna rataye a bayanta ba. 'Yan sanda bas za su nema. Wa zai tsai da iyalin da suka fito shan iska? Don haka tun jiya da yamma suka dira a kan wasu tsofaffi biyu da suka yada zango su kaɗai da a-kori-kurarsu da tirelarsu a bakin wani tabki cikin daji, Merle Vandermolen da matarsa Odile. Verna aka bari tana gadinsu.

Royce da Arlen na isowa bakin tabkin da kekunan ta fito da gudu ta rungume Royce. Ta tambaya ko an taɓa wani, ya ce ko ƙuda ba a kashe ba. Arlen ya kau da kai.

Suka jefar da kekunan tsofaffin a cikin ciyawa, siraran kekuna biyu da ake ɗagawa da hannu ɗaya. Aka fara cicciɓa na satan ana ɗorawa a kan maratayin da ke ɗaure a bambar bayan tirela. Wuri biyu gare shi. Royce ya ce a matse su, sauran biyun a ɗaure a jikin 'yan'uwansu. Da na huɗu ya hau sai ƙarfen ya yi wata 'yar ƙara, gindin tirelar ya sunkuya, hancinta ya ɗaga.

Merle na zaune a bakin ƙofa, hannuwa a baya. Duk halin da yake ciki, mutum ne da ya shekara yana jan wannan ɗaki, bai iya yin shiru ba. Ya ce bambar nan gwangwani ce, don ajiye tiyon ban-ɗaki aka yi ta, kekuna biyu marasa nauyi ma sai ya cika tankin ruwan gaba kafin ya hau titi, don hancin ya danne. Ya tambaya wa ya zubar masa da ruwan tankin.

"Ni ne," in ji Royce. "Gudu za mu yi, ba wanka ba."

"To ku sa kekunan a ciki, a kan taya. In ba haka ba wutsiya ce za ta tuƙa ku, yaro."

"Oga, gaskiya yake faɗa," Arlen ya sa baki. "Na san kaya. In nauyi ya koma baya—"

"A ciki? Su ne fa rigarmu! Tirela ba keke a wannan makon ai tsirara ce." Royce ya juya ya kai wa tsohon mari da bayan hannu. "Kai kuma Baba, ajiye wa'azinka sai Lahadi."

Kujerar gaba mutum biyu take ɗauka in an ajiye jaka a tsakiya, Royce kuwa ba ya rabuwa da jaka. Ya yanke cewa Verna ta hau tirela da tsofaffin, ta tsaya a tagar baya tana kallon titi, in ta ga wani abu ta buga masa waya.  Kowa ya san ba a hawa tirela tana tafiya. Arlen ya ce a yi musanya, shi ya hau a madadinta, Royce ya tambaye shi to wa zai ja wannan ɗaki, tunda shi Royce ko baya bai iya yi da shi ba. Magana ta mutu.

Arlen ne ya ɗaure tsofaffin. Ya zaunar da su a ƙasa, baya da baya, sandar ƙarfen teburi a tsakaninsu, ya tamke su da igiyoyin da Merle ke ɗaure kekunansa, masu faɗi, masu makulli. Ɗaurin direban katako ya yi musu, wanda ko gungume ba ya motsi a cikinsa. Kekunan waje kuwa da robobi aka naɗe su. Igiya ɗaya ta rage a hannunsa.

"Verna, ki zauna a ƙasa kusa da su. Kada ki je bayan nan. Ko in ɗaure ki ke ma?"

Ta yi dariya, ta dungure masa kafaɗa. "Yaya ke nan! Ni gungume ce? Je ka tuƙa motarka."

Ya ji kunyar nacewa. Ya naɗe igiyar ya sa a aljihun rigarsa, ya rufe musu ƙofa.

Sajan Darla Kowalczyk na tsaye a mahaɗar babban titi tun da aka ba da cigiya ta oba-oba: bas mai ruwan toka, maza biyu, mai shago ya cika. Tireloli sai wucewa suke yi kamar tururuwa, yara na ɗaga mata hannu. Ranta a ɓace yake, don ita ma tata tirelar na ƙofar gida a haɗe, aiki ya hana ta tafiya.

Sai ga wata fara ta wuce, hanci a sama, gindi na neman shafar kwalta. Darla ta yi tsaki, ta ce a ranta ga wani sabon shiga zai kashe iyalinsa. Har ta kau da kai, sai idonta ya kama wasu 'yan takardu masu ruwan ɗorawa suna filfilwa a jikin kekunan. Takardun farashi. Tayoyin baƙi wuluk, ko ƙura ba su taɓa gani ba.

Ta faɗa mota.

A cikin tirela kwanuka sun fara kaɗawa a cikin kabad. Odile ta ɗaga ido ta dubi yarinyar da ke tsaye a can baya, hannu ɗaya a jikin labule, ɗaya riƙe da waya.

"'Yata, zo ki zauna a nan ki rungume ni. Wancan wurin ya fi ko'ina jijjiga."

"Ki yi shiru, Mama. An ba ni aiki."

"Wanda ya ba ki aikin yana gaba da bel a ƙugunsa."

Verna ta buɗe baki za ta ba da amsa, sai ta hango ja da shuɗi na walƙiya daga nesa. Ta danna waya.

"Royce! Suna bayanmu!"

"Taka!" Royce ya ce wa Arlen.

"A hamsin da biyar nake, ita ce iyakarta. Ka dubi madubi."

A madubin, farin ɗakin ya fara leƙowa ta hagu, ya ɓuya, ya leƙo ta dama. A hankali tukuna, kamar mai rangwaɗa. Titi ya fara gangara. Jiniya ta cika dajin.

"Na ce ka taka, ɗan iska! Akwai hanyar kekuna a ƙasan gangaren nan, mota ba ta shiga. Kai mu can kawai!"

A nan Arlen ya gane. Hanyar kekuna, jaka a cinya, kekuna a waje inda za a fizgi ɗaya cikin ƙiftawar ido. Tun farko mutumin nan ya tanadi ƙofarsa, kuma ƙofar ta mutum ɗaya ce.

"Verna fa?"

"Verna ta san kanta. Taka!"

Arlen ya ɗage ƙafa daga totur. Ya kai hannu ƙarƙashin sitiyari, wurin ɗan maɓallin da ke kama birkin tirela ita kaɗai. Shi ne maganin, ya sani: a bar mota ta ja, tirela ta riƙe, su miƙe. Yatsunsa sun taɓa shi. Ya ji rangajin ya fara lafawa—

Gindin bindiga ya sauka a kan hannunsa. Ƙashi ya ce ƙas! Royce ya zura ƙafa ya take masa totur har ƙasa.

Sittin da biyar. Saba'in.

Tirelar ta daina rangwaɗa, ta koma fizga. Ta jefa gindin motar hagu — ta dawo da shi dama — tayoyi na kuka! Daga wayar da ta faɗi a ƙasa muryar Verna na fitowa, ba Royce take kira ba.

"Yaya! Yaya, tsaya!"

Walda ta ɓalle. Darla ta ga bambar ta yage kamar takarda, kekuna huɗu suka tarwatse a kan titi suna tartsatsin wuta. Ta murɗa sitiyari da kyar ta kauce. Tirelar ta yi tsalle, ta juyo gaba ɗaya ta maki gefen motar, sarƙoƙi suka tsinke. Ta mirgina sau biyu ta kwanta a cikin kwari. A-kori-kura ta rungumi bishiya.

Shiru, sai tururi.

Royce ne ya fara fitowa, jini a goshi, jaka a wuya. Ko kallon kwarin bai yi ba. Ya ruga titi, ya tayar da keken da ya fi lafiya, ya haye, ya faɗa hanyar daji. Ya danna maɓalli. Ya sake dannawa. Babu ko ƙyas. Abin da mai shago ya so gaya musu ke nan: kekunan nuni ba a barinsu da batir, a ɗakin baya ake ajiye su a kan caji. Ga hanya ta miƙe tudu, ga ƙarfe mai nauyin maraƙi. Motar 'yan sanda ta biyu ta iso, mutum biyu suka bi shi da ƙafa, suka tarar da shi yana turawa yana haki. Ya juyo da bindiga. Ba su jira ya ɗaga ta ba.

Arlen bai ga wannan ba, ƙarar harbin kawai ya ji. Da rarrafe ya gangara kwarin, hannu a karye, yana kiran sunanta. Darla ta daka masa tsawa ya tsaya, ya ƙi, ita kuma da ta ga inda ya nufa sai ta sauke bindiga ta bi shi. Tirelar a kan gefenta take. Tare suka ɓalle abin da ya rage na tagar baya.

Komai na ciki ya bar mazauninsa. Firji ya ɓalle, tukwanen ƙarfe, kwalabe, gari da gilashi ko'ina. A tsakiyar wannan ɓarna Merle da Odile na rataye a jikin sandar teburi, baya da baya, sun kumbura, sun ƙuje, amma suna numfashi. Ɗaurin bai saki ko kaɗan ba.

Verna na kwance dab da tagar, a inda aka ce ta tsaya. Wuyanta ya juya yadda wuya ba ya juyawa.

Arlen ya zauna a cikin gilashin ya ɗora kanta a cinyarsa. Bai yi kuka ba a lokacin, baƙin cikin ya fi ƙarfin kuka. Yana ta share mata garin da ya zuba a gashinta, yana ce mata ta tashi, goggo na jira. Odile ce ta roƙi Darla ta yanke mata igiyar, ta ja jiki ta zo ta rufe wa yarinyar ido. Merle bai ce ai na faɗa muku ba. Ya juya fuska bango.

Rai uku aka yi hasara a kan kekuna huɗu da ko ɗaya bai yi tafiyar mil guda ba. Arlen kuwa alƙali ya riga ya gama da shi tun kafin a kai shi kotu, don wanda ya tuƙa motar kisa a wurinsu mai kisa ne. Wannan bai dame shi ba, kamar yadda kuɗin bai dame shi ba.

A bakin titi Darla ta jingina shi da motarta tana laluben aljihunsa. Ta tambaya ko akwai makami, ya girgiza kai. Hannunta ya ci karo da wani abu a aljihun rigar. Ta zaro. Igiya ce mai faɗi, mai makulli, a naɗe tsaf.

"Wannan fa ta mece ce?"

Arlen ya dube ta a hannun matar, ya daɗe yana dubanta.

"Ta ƙanwata ce," ya ce.