Mai Riƙe Ƙusa

Maigida bai ɗauki bakanike a bakin komai ba, shi ya sa magariba ta same shi ƙarƙashin motarsa. Notin shokozoba sai juyawa yake tare da ƙusarsa, ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Matarsa ta ce ya bari sai safiya.

"Ke tukunya kika sani!"

Can ya ji an riƙe ƙusar gam ta baya, noti ya fara kwancewa.

"Ashe kina da amfani."

Aka ja tsaki dab da kunnensa, numfashin na warin tsatsa. Ga muryar matarsa can cikin gida. Ya waiga, jak ɗin da ya ɗaga motar da shi na yashe a ƙasa, motar kuwa tana sama.

"Sannu gwani," in ji mai tsakin. "Hannu ɗaya ƙusa, ɗaya mota. Wanne zan saki?"