Kuɗin da Ba Sa Sauka Daga Jirgi

Da ƙafa ya zo.

Ikilima na tsaye bakin zaure ta hango shi tun daga wajen rijiya, gumi ya jiƙa masa riga. Issoufou da duk garin Dantchiao ya sani a kan moto, babur ɗinsa na haya, yana jigilar mutane zuwa kasuwar Sassumbrum, yau shi ne ke taka rairayi da silifa. Wai kuma murmushi yake!

Murmushin nan ya fi komai ƙona mata rai.

"Hajiyar teku! Sannu da dawowa, hasken idona."

"Yawwa... sannu."

"Rabe mai gona ya ce ranar Juma'a a kai masa cikon kuɗin gona. Na ce masa ya kwantar da hankali, maganar Ikilima ba ta tashi."

Ta damƙe ɗan katin roba da ke ɓoye cikin mayafinta har ya shata mata tafin hannu.

"Kuɗin... sai an yi canji tukuna," ta ce, idonta a ƙasa.

"Ba komai, zuciyata. Ai sun riga sun zo gida."

Ya juya ya tafi yana 'yar waƙarsa. Ita kuwa ta faɗa ɗaki ta kifa kai a gwiwa, kuka ya ƙwace mata.

Asalin maganar daga mahaifinta ne. Malam Ilyasu ya rantse ba zai ba ɗan kabu-kabu 'yarsa ba. "Moto ƙarfe ne," in ji shi, "ran da ya lalace me za ku ci? Ya nemo gona, in ɗaura aure." Ga gona kuwa Rabe ya sa a kasuwa, kan hanyar Dogo-Dogo, amma ko Issoufou ya sayar da moton kuɗin ba za su kai ba.

Ana cikin haka goggonta, Hajiya Yakura mai sayar da atamfa a Damagaram, ta aiko a ba ta Ikilima. Ɗanta ya biya mata Umra, ya ƙara mata da yawon hutu a wani ƙaton jirgin ruwa da ke tashi daga Jidda, ga ta da ciwon gwiwa, sai da mai riƙe ta.

Ranar da suka shiga jirgin aka miƙa wa kowa kati mai sunansa. Da shi ake buɗe ɗaki, da shi ake sayen komai, ba a taɓa tsabar kuɗi a ciki. Wata ma'aikaciya 'yar Senegal ta ce mata da Faransanci kamfanin ya zuba musu kado, wato kyautar kuɗi, cikin katin, saboda an biya kuɗin tafiya da wuri. Da Ikilima ta juya lissafin zuwa sefa, sai ta ga ya haura jika ɗari, wato dubu ɗari.

"Na bar miki, ladan wahalarki," in ji Hajiya.

Ma'aikaciyar ta ci gaba da bayani. Ina! Ikilima ta riga ta fizgi wayar goggo ta yi waje, tun jirgi bai ɗaga ba.

"Issoufou, sayar da moton! Ka ba Rabe abansi na kafin alƙalami, cikon yana hannuna!"

"Kin tabbata, Ikilima?"

"Ga shi ina kallonsa da idona!"

Washegari ya sayar.

*

Amarya, 'yar baffanta, ita ce ta fara shinshino zancen. Dama ta daɗe tana yi wa Issoufou kallon ƙasan ido, ga haushin ba da ita aka tafi ba. Ta ga akwatin Ikilima babu ko tsarabar kwalli, sai ta ɗauki tulu ta nufi rijiya, bakinta ya fi tulun cika.

Kafin la'asar Issoufou ya dawo. Wannan karon babu murmushi.

"Amarya ta ce kin kashe kuɗin a turare da sarƙar zinariya, kin ɓoye a gidan Hajiya."

"Ka yarda?"

"Ban yarda ba. Amma tun da kika dawo ba ki dubi idona ba."

Ta ciro katin ta ɗora masa a hannu.

"Babu komai a ciki, Issoufou."

"Sace miki aka yi?"

"Da sata ce ma da na ji sauƙi..."

Sai ta kwashe duka ta faɗa masa. Yadda ta yi ta tattalin kuɗin nan kamar mai gadin rumbu. Abinci kyauta ne, shi take ci, ta kora da ruwa. Mata na shiga butik, kantin cikin jirgi, suna dangwala kati su fito da turare, ana ɗaukar hoto, ana gyaran gashi, ana sauka kallon tsibiri, duk daga cikin kyautar ake cirewa. Ita ko lemon kwalba ba ta sha ba. Hatta intanet ɗin jirgi ta ƙi saya don ta ji muryarsa, gudun kar dala ta yi ciwon kai.

Safiyar sauka ta je wurin 'yar Senegal ɗin, ta miƙa kati ta ce a ba ta kuɗinta.

"Ta dube ni da tausayi. Ta ce, 'Yar'uwa, ai ranar farko na soma gaya miki kika ruga. Da a ce kuɗinku ne kuka zuba, da an mayar muku da saura. Wannan kyauta ce, a cikin jirgi kaɗai ake cinta. Abin da ya rage, ya koma wa kamfani.'"

"Ba ki sayi wani abu mun sayar ba?"

"Na ruga butik... a kulle. Wai ba sa buɗewa in jirgi na tsaye a tasha."

Issoufou ya zauna kan dakali.

"Na tambaye ki, Ikilima. Na ce kin tabbata?"

"Ka tambaya."

"Moton nan shi ke ciyar da Innata."

"Na sani! Wallahi na sani! Ka zage ni, Issoufou, don Allah ka zage ni ko na samu sauƙi!"

Bai zage ta ba. Ya juya katin yana kallo, idonsa ya kaɗa.

"Duk tsawon tafiyar... ko lemo ba ki sha ba?"

Ta girgiza kai.

"Saboda ni?"

Ya sa katin a aljihu ya tashi ya tafi, ita kuwa ta bi sawunsa da kallo har ya sha kwana.

*

Tumaki gare ta, na kiwo, tun tana ƙarama take tara su don kayan ɗaki. Ranar kasuwar Sassumbrum ta je gaban mahaifinta ta durƙusa.

"Baba, ina so a kai tumakina kasuwa. Duka."

Innarta ta dafe ƙirji. "Ki shiga gidan miji babu gado babu kwanuka? Matan garin nan su yi da ni?"

"Inna, ni na sa ya sayar da abin cin abincinsa."

Malam Ilyasu ya jima yana jan carbi. Mutum ne mai taurin kai, amma ba ya son a ce ɓarna daga gidansa ta fito.

"Yaron da ya sayar da motonsa kan maganar 'yata, bai kuma zo ya ɗaga mana murya ba... Ku kwance tumakin."

Da Issoufou ya ji, a guje ya zo.

"Ban yarda ba! Kayan ɗakinki ne fa!"

"Kai ka shawarce ni kafin ka yafe? To ni ma ban shawarce ka ba."

Ya yi dariya, hawaye na bin kumatunsa. "Wa ya ce miki na yafe?"

"Da ba ka yafe ba da ka jefar da katin."

Ya taɓa aljihunsa. "Kuɗin ciki ne suka mutu. Sunan da ke kai nawa ne."

Ranar Juma'a Rabe ya karɓi cikonsa. Bayan kaka aka ɗaura aure. Mata suka zo ganin ɗaki, suka tarar da katifa, tabarma da tukwane biyu. 'Yar baffanta Amarya ta taɓe baki har ya kusa taɓo haɓarta. Ikilima ta ji kunya, ba ƙarya, amma kunyar ba ta kai nauyin abin da ke ƙirjinta ba.

Gonar ta yi albarka, gero da wake. Sai dai a bakin hanya take, kuma wanda ya sayi moton ta nan yake bi duk ranar kasuwa. Ikilima ta san kukan injin nan tun daga nesa, tun lokacin da yake tsayawa ƙofar gidansu. Da ta jiyo shi sai hannunta ya tsaya cak a kan kwandon wake.

Shi kuwa Issoufou ba ya ɗaga kai. Sai ya soma rera waƙa da ƙarfi, da muryar nan tasa marar daɗi, ba ya yin shiru sai moton ya yi nisa.

A zatonsa ba ta gane ba.